Rancen gida: Kafin alƙalami ne farko ko amsar banki?

Duk wanda ke bibiyar sanarwar da ke fitowa daga Abuja a 'yan shekarun nan kan sha'anin gidaje zai ɗauka cewa ƙofar mallakar muhalli ta buɗe wa ma'aikaci da ɗan kasuwa. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ya ɗaga iyakar rancen da mai zubi a Asusun Gidaje na Ƙasa zai iya nema daga Naira miliyan 15 zuwa miliyan 50. A watan Satumban 2022, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba ma'aikaci damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a asusunsa na fansho domin ya biya kason da banki ke nema daga mai saye. Ga kuma asusun MREIF da ke ƙarƙashin kamfanin zuba jari na Ma'aikatar Kuɗi, wanda a 2025 ya shelanta rancen gida a kan kuɗin ruwa kashi 9.75, a biya cikin shekara 20.

Amma idan mutum ya baro Abuja ya zo Jihar Kebbi, ya zauna a majalisar ma'aikata a Birnin Kebbi ko ta 'yan kasuwa a Jega, da wuya ya ji wanda zai ce masa ta hannun banki ya mallaki gidan da yake ciki. Yadda aka saba shi ne a sayi fili, a kwashi adashi a sayi bulo, a jira kuɗin amfanin gona a yi rufi, a tare a ɗaki biyu ana ci gaba da gini har yara su girma. Dalilan da aka fi ambatawa su ne ƙarancin albashi, da tsadar kuɗin ruwa, da ƙyamar riba, kuma dukkansu gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika magana a kansa ba, wanda kuma shi ne ya fi cinye kuɗin waɗanda suka yi yunƙurin gwadawa: mutane na zuwa banki a ƙarshen ciniki, alhali a farkonsa ya kamata su je.

Yadda abin ke gudana sananne ne. Dillali zai kai mutum ya ga gida ko kango, ya kwanta masa a rai, a yi ciniki a sallama. Mai gida zai ce akwai wasu da ke zawarcin wurin, don haka sai an ajiye kafin alƙalami. Mai saye zai tattara abin da ke hannunsa, wani har da sayar da dabbobi ko gwalagwalan iyali, ya bayar, a sa wa'adin wata ɗaya ko biyu. Bayan nan ne zai ɗauki takardunsa ya nufi banki. A can ne zai fara jin abin da ya kamata ya sani tun kafin ya taka ƙofar gidan: ko albashinsa bai kai ya ɗauki wannan nauyi ba, ko sunansa na da tabo a kundin masu bashi, ko kuma shi ba shi da matsala amma gidan ba shi da takardar da za a iya jinginarwa. Wa'adi zai cika, mai gida ya ce ya riga ya taɓa kuɗin, dillali ya ce la'adarsa ta halatta, magana ta koma gaban mai unguwa ko alƙali. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ake nufi da amincewar share-fage

A ƙasashen da rancen gida ya kafu, an daɗe da juya wannan tsari. A Amurka, mai neman gida kan fara zuwa wurin mai ba da rance, a duba albashinsa da basussukansa da tarihin yadda yake biya, sannan a ba shi takarda mai cewa a shirye ake a ranta masa har zuwa adadi kaza. Takardar kan yi aiki na kwana 60 zuwa 90. Da ita yake zuwa wurin dillali, kuma masu sayarwa da dama ba sa sauraren tayin wanda ba ya riƙe da ita. A Ingila ma akwai makamanciyarta. Bayan rikicin kuɗi na 2008, wanda ya samo asali daga rancen gidaje da aka yi ta bai wa waɗanda ba za su iya biya ba, ƙasashen biyu sun tsaurara doka, aka wajabta wa mai ba da rance ya tabbatar da ƙarfin mai karɓa.

Wannan takarda ba alƙawarin ƙarshe ba ce ko a can. Tana amsa tambaya ɗaya ne kawai, wato nawa wannan mutum zai iya ɗauka. Tambaya ta biyu, ko gidan da ya zaɓa ya cancanci a jinginar da shi, sai ya kawo gidan ake amsa ta.

A Najeriya kuwa tsarin ya zo a birkice tun daga kan takarda. Mai neman rancen Asusun Gidaje yakan bi ta hannun bankin jinginar gidaje mai lasisi, kuma cikin abubuwan da ake nema a haɗa da fom akwai takardar tayi daga mai sayarwa, da kwafin takardar mallakar gidan, da rahoton mai ƙiyasta darajarsa. Ƙa'idojin PenCom ma sun nemi takardar tayi mai ɗauke da sa hannun mai gidan kafin a saki kuɗin fansho. Ke nan sai mutum ya samo gida, ya shawo kan mai shi, sannan a buɗe masa fayil. Mai gida kuwa a Birnin Kebbi ko Kalgo ba zai rubuta takardar tayi ya naɗe hannu yana jiran banki na tsawon watanni ba tare da ya ga wani abu a ƙasa ba. Tsarin da kansa ne ke tura mutane su biya kafin alƙalami cikin duhu, kuma wannan aibi ne da hukumomi ba su ɗauke shi da muhimmanci ba.

Duk da haka, babu dokar da ta hana mutum ya shiga bankin jinginar gidaje hannu rabbana, ba gida ba fili, ya ce a auna masa ƙarfinsa. Mafi yawan amsar ma yana iya fitar da ita da kansa a kan takarda ɗaya.

Lissafin da ba a son ji

An kafa Asusun Gidaje na Ƙasa da Doka ta 3 ta 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci a zuba a ciki, kuma wanda ya yi zubi na aƙalla wata shida yana da damar neman rance a kan kuɗin ruwa kashi 6, a biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba. Tun 2018, lokacin da Ahmed Musa Dangiwa ke shugabancin FMBN kafin ya zama Ministan Gidaje a 2023, aka soke kason mai saye ga rancen da bai wuce miliyan biyar ba, aka mayar da shi kashi 10 ga abin da ya haura haka zuwa miliyan 15. Babu wani rancen gida a ƙasar nan da ya kai wannan sauƙi.

Sharaɗin da ke yanke hukunci shi ne cewa abin da za a riƙa cirewa duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu. A kan kashi 6, kowace Naira miliyan ɗaya da aka ranta na shekara 30 tana cin kusan Naira 6,000 a wata. Idan shekara 15 ce, kusan 8,400. Idan shekara 10 ce, kusan 11,100.

A watan Oktoban 2024, Gwamna Nasir Idris ya amince da Naira 75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Kebbi, sama da 70,000 na tarayya. Kashi ɗaya cikin uku na wannan shi ne 25,000, wanda ko an ba shi shekara 30 cif ba zai ɗauki abin da ya wuce miliyan huɗu da 'yan kai ba. Mai albashin 150,000 zai iya kai wa kusan miliyan takwas da dubu ɗari uku. Miliyan 50 ɗin da ake ta yayatawa kuwa tana buƙatar biyan kusan 300,000 duk wata, wato albashin da ya kai 900,000. Mai karatu ya ƙirga mutum nawa ya sani a sakatariyar jiha ko ta ƙaramar hukuma da ke ɗaukar wannan adadi.

Akwai kuma shekaru, wanda shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma banki yana auna wa'adin rance da shekarun da suka rage masa. A al'adarmu, mutum ba ya fara tunanin gida da gaske sai ya gama da aure da hidimar ƙanne da karatun yara, ya doshi hamsin. A lokacin, mai albashin 150,000 ɗin nan da saura masa shekara 10 ba zai samu fiye da kusan miliyan huɗu da rabi ba, kusan rabin abin da ƙaninsa mai albashi iri ɗaya zai samu. Wanda ya rage masa ƙasa da shekara uku ya yi ritaya, ƙa'idar PenCom ma ta cire shi, haka nan wanda bai cika wata 60 ana zuba masa kuɗin fansho ba, da wanda ba ya cikin tsarin fansho na karo-karo tun asali.

Wanda ya ce zai tsallake Asusun ya nufi bankin kasuwanci, lissafinsa ya fi muni. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, ya ɗan sassauta zuwa 27 a Satumban 2025. A kan kashi 25, miliyan ɗaya ta shekara 10 tana cin kusan 22,700 a wata, ke nan mai albashin 150,000 iyakarsa miliyan biyu da ɗoriya. Wannan kuɗin fili ne a wasu unguwanni, ba na gida ba.

Kuma duk wannan lissafi an yi shi ne a kan cewa albashin yana nan cikakke. Ma'aikata da yawa sun riga sun jinginar da shi: bashin babur, bashin ƙungiyar gama-kai, bashin gaggawa na banki da ake cirewa tun kafin kuɗin ya sauka. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne abin da jami'in banki zai kalla.

Sannan sai tarihin bashi. Dokar 2017 ta tsara aikin kamfanonin tattara tarihin masu karɓar rance, kuma akwai uku masu lasisi: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Kowa na da haƙƙin neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Tun Agustan 2020 kuma Babban Banki ya ba bankuna ikon bin mai bashi zuwa asusunsa da ke wasu bankuna ta hanyar lambar BVN. Wannan ya shafi Kebbi fiye da wurare da yawa, domin a nan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma an daɗe ana kokawa kan yadda wasu suka ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa. Wanda ya san ya karɓi irin wannan rance da lambarsa, ko tallafin rance na lokacin annobar korona, ko ma ɗan bashin manhajar waya da ya manta da shi, gara ya nemi rahotonsa ya ga abin da aka rubuta, tun kafin wani ya karanta masa shi a gaban tebur bayan ya riga ya ba da kafin alƙalami. Haka nan mai zubi a Asusun Gidaje ya tabbatar cewa abin da ake cirewa a takardar albashinsa yana isa FMBN da sunansa, domin cirewa daban, turawa daban.

Ɗan kasuwa nasa ciwon daban ne. Yana iya fin darakta samu, amma banki ba ya ganin buhunan albasa ko na shinkafa da ke sito, abin da ya shiga asusu ya fita yake gani. Wanda ke juya miliyoyi a hannu, ko yake karɓar kuɗin ciniki ta asusun yaron shago ko na mai POS, a idon banki ba shi da sana'a. Gyaran da aka yi wa dokar Asusun a 2023 ya mayar da zubi na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, kuma mai sana'ar kansa na iya yin rajista ya riƙa zubawa. Amma zai buƙaci rajistar kasuwanci, da shaidar biyan haraji, da takardar shige da ficen kuɗi ta watanni masu yawa. Wannan shiri ne na shekara guda ko fiye, ba abin da za a haɗa cikin wa'adin da mai gida ya bayar ba.

Daga Birnin Kebbi zuwa Dalijan: inda takarda ke ƙarewa

A ɗauka mutum ya tsallake duk waɗannan. Albashinsa ya kai, sunansa fes, banki ya ce masa yana iya ɗaukar miliyan takwas. A nan ne Kebbi ta sha bamban da Amurka, domin a can tambaya ta biyu, wato ta gidan, yawanci cikawa ce kawai, a nan kuwa ita ce babbar.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gwamna ne ke ayyana wuraren da ake kira birni, shi ke ba da haƙƙin mallaka na doka da takardar shaidar da aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99. A wuraren da ba birni ba, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da haƙƙin doka sai da izinin gwamna, sashe na 21 ya ɗora makamancin wannan sharaɗi a kan haƙƙin gargajiya, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne.

Bankuna ba su manta darasin shari'ar Savannah Bank da Ajilo ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jinginar da aka yi ba da izinin gwamna ba ba ta da inganci, duk da cewa mai kadarar ya mallake ta tun kafin a yi dokar, kuma shi da kansa ya jinginar. Bankin ya rasa ikon sayar da kadarar. Tun daga lokacin, babu jami'in banki mai son aikinsa da zai saki kuɗi a kan gidan da takardarsa ba ta cika ba.

Yanzu a dubi gari kamar Dalijan a Ƙaramar Hukumar Gwandu. Mu ɗauka malamin makaranta ne ɗan garin, yana aiki a Birnin Kebbi, ana cire masa kashi 2.5 shekara da shekaru, burinsa ya mallaki gida a mahaifarsa inda zai koma bayan ritaya. Gidan da zai saya a can, mai shi ya gaje shi ne daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. Shaidar mallaka ita ce maƙwabta da hakimi da liman, idan an yi sa'a da wata takardar ciniki ta hannu mai sa hannun shaidu. A cikin gari wannan shaida ta fi ƙarfe ƙarfi, babu wanda zai yi jayayya da ita. A gaban banki kuwa ba ta da nauyin da za a ɗora miliyan ɗaya a kanta. Ko da an yi ɗawainiya an samo takardar gwamnati, akwai wata tambayar da banki zai yi wa kansa: idan wannan mutum ya kasa biya, wa zai sayi gidan? A ƙaramin gari inda kowa ɗan uwan kowa ne, ba a rububin sayen gidan da banki ya ƙwace daga hannun wani. Don haka mai ƙiyasta daraja zai sa wa gidan farashin da ya gaza abin da aka kashe wajen gina shi, rancen kuma da wannan ƙiyasi ake auna shi.

Sakamakon haka shi ne malamin nan yana zuba kuɗi a asusun da zai iya saya masa gida a rukunin gidaje na birni, amma ba zai saya masa a garinsu ba. Abin da zai samu shi ne a mayar masa da zubinsa bayan ritaya, lokacin da hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, ta riga ta lashe darajarsa. A ganina wannan rashin adalci ne da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauka da zafi, musamman a jihar da gwamnanta tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne.

Kalgo kuma tana tsaka-tsaki, kuma a nan haɗarin ya fi yawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, aka sa mazauninta na dindindin a wannan yanki, gonaki suka fara komawa filaye. Masu sayen kuwa su ne ainihin waɗanda tsarin rancen ya fi dacewa da su, wato ma'aikatan tarayya na jami'ar da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da makamantansu, masu zubi a Asusun Gidaje kuma masu asusun fansho. Gida a irin wannan wuri yana iya zama na zamani, da tayil da silin da katanga, amma filin da ke ƙarƙashinsa gona ce da magada suka yanka suka sayar ba tare da tsarin hukuma ba. Wani lokaci ma ba a gama rabon gadon ba. Mai saye yana ganin fenti, banki yana neman taswirar safiyo da izinin gini daga hukumar raya birane da lambar fayil a ma'aikatar filaye. Yankin da ke kusa da fadama kuma yana da tasa tambayar, ga duk wanda ya tuna ambaliyar 2020, domin gidan da aka jinginar dole a yi masa inshora.

Abin da wannan ke nufi shi ne, a Kebbi amincewar share-fage guda biyu ce. Ta farko a banki ake nemanta, ta biyu a ma'aikatar filaye da hukumar KEBGIS, inda lauya ko shi mai sayen zai nemi a bincika masa ko takardar da aka nuna masa ta gaske ce, da sunan wa take, kuma ko an riga an jinginar da ita a wani wuri. Mai gidan da ya ƙi ba da kwafin takardarsa a bincika ya riga ya ba da amsa. Ya kamata kuma a tuna cewa izinin gwamna da rajista da harajin hatimi da ladan lauya da na mai ƙiyasta daraja duk kuɗi ne, kuma daga aljihun mai saye suke fita, ba daga cikin rancen ba.

Shi ma bankin a bincike shi. A watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin bankunan jinginar gidaje huɗu. Kebbi na da nata bankin jinginar gidaje mallakar jiha, akwai kuma wasu masu rassa a jihohin maƙwabta. Ko wanne mutum ya zaɓa, ya tabbatar yana da lasisi kuma FMBN na hulɗa da shi.

Ga masu gudun riba

Da yawa daga cikin masu karanta wannan ba za su kusanci kashi 6 ɗin ba ma, balle 25, domin riba ce. Gare su akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. FMBN ma na da tsarin haya da ke ƙarewa da mallaka a gidajen da ya ɗauki nauyin ginawa. Abin lura shi ne, a irin waɗannan bankuna zuwa da wuri ya wuce batun dabara, ya shiga ingancin cinikin kansa. A murabaha, banki ne ke sayen gidan ya mallake shi, sannan ya sayar wa abokin hulɗa da ribar da aka sani. A ijara da musharaka mai raguwa ma sai banki ya mallaki gidan ko wani kaso nasa. Wanda ya riga ya ƙulla ciniki da mai gida da sunan kansa, sannan ya zo yana neman banki ya biya masa cikon, ya mayar da abin bashin kuɗi tsagwaronsa, kuma kwamitin malaman bankin na iya ƙin amincewa. Su ma waɗannan bankuna suna duba albashi da tarihin bashi da takardar fili kamar kowa, kuma ribarsu tana tafiya ne da yanayin kasuwa.

Shi kansa kafin alƙalamin yana da magana a fiƙihu. Malikawa, tare da Hanafawa da Shafi'awa, ba su halatta cinikin da mai sayarwa zai cinye abin da aka ajiye idan ciniki ya warware ba. Hambalawa ne suka halatta. A ƙasar Gwandu, inda mazhabar Malikiyya ke da tushe tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun mai saye. Sai dai hujja a gaban alƙali ba ta dawo da kuɗin da aka riga aka kashe cikin mako guda. Abin da ya fi amfani shi ne wata ƙofa da malaman suka buɗe, wato ciniki bisa zaɓi, inda ake sa wa'adin da mai saye ke da damar janyewa, wanda Malikawa suka ƙiyasta da kusan wata guda a cinikin gida. Masu sayen gida a Amurka na sa irin wannan sharaɗi a yarjejeniyarsu, cewa idan rance bai fito ba a mayar musu da abin da suka ajiye. Babu abin da zai hana a rubuta haka a Kalgo, da Hausa ko da ajami, a gaban shaidu, a kuma ajiye kuɗin a hannun lauya ko wani amintacce maimakon aljihun mai gida. Dillalai ba za su so ba, domin la'adarsu na jinkiri.

Wata guda, a gaskiya, ba ta isa rancen Asusun Gidaje ya fito ba. Fayil yana tashi daga bankin jingina zuwa FMBN, kuma masu nema sun daɗe suna kokawa kan jiran watanni. Cikin wannan jira farashi na iya gudu ya bar mutum, kamar yadda aka gani a farkon 2024 lokacin da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa, masu gidaje suka bi sahu. Wannan ne ya sa gidajen da FMBN ko gwamnati suka gina suka fi sauƙin samun rance: takardarsu a shirye take, mai sayarwa kuma ya san tsarin yana iya jira. Sakkwato da Katsina na cikin jihohin da suka samu gidaje 250 kowacce a zagayen farko na shirin Renewed Hope.

Nauyin da ya rage yana wuyan hukuma. FMBN na da bayanan zubin kowane mai rajista, yana da shekarunsa da albashinsa. Babu dalilin da zai hana ya ba shi takarda mai wa'adin wata uku ko shida da ke cewa ga iyakar abin da ya cancanta, ba tare da an tilasta masa ya fara kawo gida ba. Gwamnatin Kebbi kuma, tun da izinin jingina a hannun gwamna yake kuma doka ta ba shi damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, za ta iya ƙayyade kwanakin da fayil zai yi a ofis, ta wallafa kuɗin kowane mataki, ta kuma kai aikin rajistar filaye hedikwatocin ƙananan hukumomi irin Gwandu da Kalgo, da manyan garuruwansu irin Dalijan, unguwa-unguwa, a farashin da mai albashin 75,000 zai iya biya. Ga wanda burinsa gida a garinsu, abin da ya fi kusa da shi a yanzu shi ne ƙaramin rancen gyaran gida na FMBN da rancen gini ta hannun ƙungiyar gama-kai, kuma su ma sai ya tabbatar zubinsa na kashi 2.5 yana isa inda aka ce ana kai shi.